Gaskiyar Muryar Fiyano Tun Daga Zauren Naɗa Take Farawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani batu da ke yawan tasowa tsakanin masu sha'awar sauraren kiɗa a gida, wato neman faifan fiyano wanda idan aka kunna shi mutum zai ji tamkar kayan kiɗan ne da kansa aka shigo da shi ɗaki. Na lura cewa duk sa'ad da aka tayar da wannan magana sai hankali ya karkata ga lasifika da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wayoyin da ke haɗa su, kowa yana ba da shawarar abin da za a ƙara saya. Ni kuwa a ganina, mafi yawan abin da ke sa fiyano ya fito da gaskiyarsa, ko ya rasa ta, an riga an gama shi tun ranar da aka naɗi sautin, a cikin zauren da aka naɗe shi, kuma babu na'urar da za ta dawo da abin da aka zubar a wannan rana. Tun ran gini ran zane.

Ba za a gane haka ba sai an dubi yadda fiyano yake fitar da murya, domin a nan wahalar take. Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙera na farko a birnin Fulorens na ƙasar Italiya wajen shekarar 1700, asalin dabarar tana nan yadda take: makaɗi ya danna maɓalli, wata 'yar guduma ta tashi ta bugi tsirkiya, ta koma nan take ta bar tsirkiyar tana kaɗawa. Fiyanon zamani yana da maɓallai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, kuma a babban fiyano irin na zauren kiɗa, jimillar ƙarfin ɗaurin waɗannan tsirkiyoyi ya kusa tan 20, abin da ya sa ake ɗora su a kan gangar jiki ta zubin ƙarfe. Muryar da ta fi kowace kauri tana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa, wadda ta fi kowace siranta kuwa ta haura sau 4,000. Ita tsirkiya a kan kanta ba ta da wata ƙara ta a zo a gani. Wani faffaɗan allon katako marar kauri da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta shi ke karɓar girgizar ya tura iska, saboda haka sautin ba daga wuri guda yake fitowa ba, daga fili ne mai faɗi, kuma kowane sashe na allon da irin abin da yake bayarwa.

Duk wanda ya sami damar tsayawa kusa da babban fiyano, ina ba shi shawara ya roƙi makaɗin ya danna maɓalli guda daga ɓangaren hagu da ƙarfi, ya riƙe shi kada ya saki, sa'an nan a yi shiru a saurara har muryar ta ƙare. Abin da zai fara ji shi ne bugu mai kaifi, haɗe da wani ɗan dum na katako lokacin da maɓallin ya kai ƙasa. Daga nan ƙarfin muryar zai faɗi da sauri, har mutum ya zaci ta kusa mutuwa, sai kuma ta tsaya a wani mataki ta ci gaba da ja a hankali na tsawon daƙiƙoƙi masu yawa, tana ɗan tashi tana ɗan kwantawa, launinta yana sauyawa yayin da siraran muryoyin da ke cikinta suke riga masu kauri ɓacewa. Masanin kimiyya Gabriel Weinreich ya yi bayanin wannan faɗuwa mai hawa biyu a shekarar 1977, inda ya nuna cewa tsirkiyoyi biyu ko uku da guduma ɗaya ke bugawa suna musayar ƙarfi a tsakaninsu ta hanyar gadar da suke kwance a kai, kuma ɗan bambancin da mai saita fiyano ya bari a tsakaninsu, wanda bai kai a kira shi kuskure ba, yana da hannu a yadda wutsiyar muryar take ja. Idan kuma makaɗin ya taka fedar dama, dukkan matosan ulu da ke danne tsirkiyoyi za su ɗaga, sai tsirkiyoyin da ba a taɓa ba su ma su riƙa amsawa ƙasa-ƙasa. Da ya ɗaga ƙafa, a ji ulun ya sauka ya kashe komai da ɗan sauti mai taushi.

To, a waɗannan wurare biyu ne, wato kaifin bugun farko da tsawon wutsiyar ƙarshe, faifai yake cin jarrabawa ko ya faɗi. Abin da ke tsakiya ba ya ba kowa wuya.

Shekaru da dama na'urorin da kansu ne suka kasa. A watan Disamba na 1889 an naɗi kiɗan shahararren makaɗin nan ɗan Jamus Johannes Brahms a birnin Biyana a kan silindar kaki irin ta Edison, kuma wanda ya saurare ta a yau da ƙyar zai tsamo fiyano daga cikin hayaniyar. Shigowar naɗi da makirufo mai aiki da lantarki a 1925 ta kawo sauƙi ƙwarai, amma wata matsala ta saura wadda ta fi damun fiyano fiye da kowane kayan kiɗa, ita ce rashin daidaiton gudun faifan garmaho da na zaren kaset. Muryar mawaƙi da ta goge suna da rawa ta halitta wadda ke ɓoye ɗan tangarɗar gudu, fiyano kuwa da zarar an buga murya makaɗi ba shi da ikon karkata ta, don haka ko ramin tsakiyar faifai ne ya ɗan kauce, sai a ji doguwar murya tana lilo sama da ƙasa, abin da fiyano na gaske ba ya taɓa yi. Naɗa ta hanyar lambobi, wato dijital, ta kawar da wannan ciwo. Faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kuma tazarar da yake iya ɗauka tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfi ta kai kimanin desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wadda ta wadaci fiyano a kowane ɗakin zama. Shi ya sa ba na ganin hikimar bin manyan lambobin da ake rubutawa a jikin fayil a matsayin shaidar inganci. Naɗin da aka ɓata tun a zaure, ko da wace irin lamba aka adana shi, ɓatacce ne.

Babban abin da ke raba faifai da faifai a yau shi ne inda aka kafa makirufo. Hanya mafi sauƙi ga injiniya ita ce ya buɗe murfin fiyano ya zura makirufo biyu ciki, ɗaya a kan tsirkiyoyi masu kauri, ɗaya a kan sirara, ya tura na farko zuwa lasifikar hagu, na biyu zuwa ta dama. Sakamakon yana burge mai saurare a minti na farko, domin komai ya fito tar, kuma idan makaɗi ya gudu da yatsunsa daga ƙasa zuwa sama sai a ji kiɗan ya ratsa ɗakin daga wannan bango zuwa wancan. Sai dai babu ɗan Adam da ke sauraren fiyano da kansa a cikin akwatin. A zauren kiɗa ana ajiye fiyano ne a gicciye, murfinsa a buɗe yana fuskantar jama'a domin ya turo musu sautin, kuma mai zama a kujera yana jin sa a matsayin abu guda mai girma da nauyi a wuri guda, ba ya jin masu kauri a hagu sirara a dama. Abin da ke cika masa kunne ta kowane gefe shi ne amsawar zauren. Haka kuma iskar da ke tsakaninsa da fiyanon tana tausasa ƙarar gudumomi, ta ba sassan allon katakon nan damar haɗuwa su zama murya ɗaya. Makirufon da ke cikin akwati yana ɗauko bugu fiye da kima, yana ɗauko sashen allon da ya fi kusa da shi kaɗai, shi ya sa irin wannan naɗi yakan yi ƙarar ƙarfe-ƙarfe, ya gajiyar da kunne kafin a kai ƙarshen faifai.

Dabarun kauce wa wannan ba sababbi ba ne. Tun a 1931 injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi rajistar hanyar naɗa sauti ta kafa biyu, wato hagu da dama, da makirufo biyu a haɗe wuri guda suna kallon sassa daban-daban, kuma daga baya gidan rediyon Faransa ya fito da tsarin raba su da santimita 17, kusan tazarar da ke tsakanin kunnuwan mutum, a buɗe da kusurwar digiri 110. Wasu injiniyoyin sun fi son makirufo mai jin kowane ɓangare, saboda ya fi riƙe muryoyi masu kauri yadda suke. Kowace aka ɗauka, sirrin yana ga nisa. In an matso da yawa a koma matsalar da na ambata, in an ja baya da yawa amsa-kuwwar zaure ta haɗiye muryoyin, kiɗa mai sauri ya cakuɗe, a kasa bambance yatsa da yatsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan wuri, wani lokaci taku ɗaya ne kacal, inda bugu da wutsiya suke daidaita, kuma ba a samun sa sai da kunne da haƙuri, domin ya danganta ga fiyanon da zauren da irin kiɗan da hannun makaɗin. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin da suka damu da aikinsu suke komawa wurare ƙalilan da aka san su da kyan amo, irin su zauren Wigmore da na Henry Wood a Landan, maimakon su naɗa a busasshen ɗaki su liƙa amsa-kuwwar kwamfuta daga baya.

Ba ina cewa matso da makirufo laifi ne a kowane hali ba. A kiɗan jaz, inda mai ganga yake zaune dab da fiyano, injiniya ba shi da zaɓi, in ba haka ba gangar za ta rufe komai. Amma ko a nan ana iya barin wurin ya yi numfashi. Naɗin da aka yi wa makaɗin fiyanon jaz Bill Evans da abokan kiɗansa biyu a ƙaramin gidan kiɗa na Village Vanguard da ke Niyok, ranar 25 ga Yuni, 1961, har yau ana jin ƙarar kofuna da hirar mutane a bayansa, kuma waɗannan ƙananan sautuka suna cikin abin da ke gaya wa kunne girman ɗakin da inda kowa yake zaune.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware, shi ne ɗaukar gaskiyar sauti da daɗin sauti a matsayin abu ɗaya. Ranar 24 ga Janairu, 1975, makaɗin fiyano Keith Jarrett ya yi wasa shi kaɗai a gidan opera na birnin Kolon a Jamus. An shirya za a kawo masa babban fiyano ƙirar kamfanin Bösendorfer, amma bisa kuskure aka ajiye masa wani ƙarami na gwaji wanda ba shi da lafiya sosai, muryoyinsa masu kauri ba ƙarfi, siraransa kuma a bushe, har ya zama tilas ya tattara mafi yawan kiɗansa a tsakiyar maɓallai. Injiniya Martin Wieland ya naɗi wasan wa kamfanin ECM da makirufo biyu. Wanda ya saurari faifan da natsuwa zai ji raunin wannan fiyano a fili, zai ji bugun ƙafar makaɗin da nishinsa, kuma duk da haka, ko ma saboda haka, ba ya shakkar cewa wani takamaiman fiyano ne ake bugawa a wani takamaiman wuri. A wajena wannan ya fi kusa da abin da muke nema fiye da sumul ɗin sautin da ake harhaɗawa a kwamfuta daga muryoyin da aka naɗa ɗaya bayan ɗaya, wanda ba shi da aibi kuma ba shi da wurin zama.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɓarnar da ake yi bayan an gama naɗa mai kyau. Domin faifai ya fi na wasu ƙara a rediyo ko a mota, sai a bi shi da na'urar matse sauti, a danne wuraren da suka yi ƙarfi, a ɗago waɗanda suka yi laushi. Ga fiyano wannan kisa ne, domin kan bugun shi ake fara yankewa, wutsiyar kuma a kumbura ta har ta daina faɗuwa yadda ta saba, sai muryar ta koma shimfiɗaɗɗiya. Makaɗi ya shafe shekaru yana koyon bambanta taɓawa mai taushi da mai tsanani, a zo a share masa wannan wahala da murɗa maɓalli guda. Abin takaicin ma shi ne, yanzu da manhajoji irin su Spotify da YouTube suke daidaita ƙarfin abin da suke watsawa zuwa mataki kusan ɗaya, faifan da aka matse ba ya cin ribar ƙarar da aka matse shi dominta, asarar kawai ke saura. Irin wannan ɓarna tana samun tsofaffin naɗe-naɗe idan aka sake fitar da su, inda ake wuce gona da iri wajen goge shuuu ɗin kaset, a haɗa da wutsiyar muryoyi da amon zaure a goge, sai a ji kowace murya tana yankewa cikin wani shiru marar rai. Gara mini ɗan shuuu, wanda kunne ke mantawa da shi bayan minti biyu.

Ba zan manta da mai saita fiyano ba, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. Fiyanon da ake bugawa da ƙarfi na sa'o'i yana sakin saiti kaɗan-kaɗan, don haka a naɗi na ƙwarai yana zaune a wurin daga farko har ƙarshe, yana gyara ɗaurin tsirkiya, yana tsattsaga ulun guduma da allura idan wata murya ta fi 'yan'uwanta tsauri. In babu shi, sa'ad da aka zo haɗa gutsattsarin da aka naɗa da safe da na yamma, mai kunne zai ji wurin ɗinkin.

Duk da haka mai saurare a gida yana da nasa rabon aikin, kuma mafi yawansa ba ya bukatar sayen komai. Ɗaki yana da muryoyin da yake kumburawa da waɗanda yake haɗiyewa gwargwadon girmansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ɗakin da tsawonsa mita 4 ne zai riƙa ƙarfafa muryar da ke kaɗawa wajen sau 43 a daƙiƙa da ninkin-ba-ninkinta, kuma na farko-farkon waɗannan suna cikin yankin hannun hagu na makaɗi. Shi ya sa wani lokaci ake jin murya ɗaya tana ruri a duk sa'ad da aka taɓa ta, maƙwabciyarta kuwa kamar babu, a ɗora wa faifai laifi alhali na ɗaki ne. Janye lasifika daga kusurwa da jikin bango, da janye kujera daga bangon baya, da zama a inda nisan mutum da kowace lasifika ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsu, da shimfiɗa darduma a ƙasa da sa labule a taga, suna kawo sauyin da ya fi na sauya wayar lasifika nesa ba kusa ba. Sai batun ƙarfin sauti. Masu binciken sauti Fletcher da Munson sun nuna tun 1933 cewa idan sauti ya yi ƙasa kunne yana rage jin muryoyi masu kauri, don haka fiyanon da aka kunna can ƙasa dole ya yi siriri. Faifai mai kyau yakan zo da ƙaramar ƙara, domin an bar wa manyan bugu sarari a sama, sai mai saurare ya ƙara da hannunsa. A nan ne kaɗai nake ganin ƙarfin amfilifaya yana da muhimmanci na gaske, domin bugun da ya ɗara matsakaicin sauti da desibel 20 yana bukatar ninki ɗari na wutar, wato idan ana tafiya a kan wat ɗaya, wannan ƙiftawar ido tana neman wat 100, in babu kuwa sai kan bugun ya fashe. A kula dai da lafiyar kunne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ga babban mutum.

Ma'aunin da ya fi duk waɗannan shi ne kunnen da ya san abin da ake kwaikwayo. Da yawa daga cikin masu gardama a kan wane faifai ya fi gaskiya suna gwada faifai ne da faifai, sun daɗe rabonsu da zama a ɗaki ɗaya da fiyano. Duk inda aka sami dama, ko a makaranta ne ko a zauren taro, ko da ɗalibi ne ke gwaji, ya kamata a je a zauna, a matso kusa a saurara, a koma baya a saurara, a lura da yadda faɗin sautin da kaifinsa suke sauyawa da kowane taku.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan jaridar nan za ta yi sharhi a kan wani faifan fiyano, marubucin ya daure ya gaya mana zauren da aka naɗe shi da shekarar, da irin fiyanon, ko Steinway ne ko Bösendorfer ko Fazioli ko Yamaha, da sunan injiniyan da na mai saitawa idan an bayyana su, ya kuma faɗa mana ko a gaban jama'a aka yi wasan ko a keɓe. A da, ana samun waɗannan bayanai a 'yar takardar da ke cikin kwalin faifai, yanzu kuwa da saurare ya koma intanet, sau da yawa ba a ganin komai sai sunan makaɗi da hoto. Mai karatu da ya ga sunan injiniya ɗaya ko zaure ɗaya yana maimaituwa a faya-fayan da suka gamsar da shi, zai san inda zai nufa idan ya tashi neman na gaba.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu a kullum.